Shaidar da Na Hana Kawu Sale

Shekarar da rana ta yi husufi har kaji suka shige akurki da hantsi, a kakarta ne na bi Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, girbin gero a gonarmu ta bayan Batagarawa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Kawu mutum ne mai kaifin ido. A unguwarmu ta Ƙofar Kaura, idan ya ce ya ga jinjirin wata, liman ba ya neman wani ƙarin shaida.

Mun idar da magariba, muna ɗaure damin ƙarshe, sai jakinmu ya kafe, ya miƙe kunnuwa. Kukan gyare ya ɗauke. Wasu fitilu uku, kore shar, suka tsaya a saman kukar kan iyaka, ba ƙara, ba hayaƙi. Suka yi ta saukowa har na ga inuwar karan gero ta kwanta a ƙafafuna, sannan suka haɗe, suka yi gabas. Kawu yana ta maimaita ayatul kursiyyu, hannunsa a kafaɗata.

A gida, ina fara ba da labari, Inna ta toshe mini baki da tafinta. "Wutar mutanen ɓoye ce. Wanda ya faɗa, bakinshi karkacewa yake."

Washegari Kawu ya ba da labari a ƙofar masallaci, aka yi ta dariya. Ya jawo ni gaban liman. "Audu, hwaɗa masu mi ka gani." Na shafa bakina, na ce ban ga komai ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya hango watan azumi, wani ya ce, "Sale, ko fitilun naka ne suka dawo?" Ba a karɓi shaidarsa ba. Daga ranar bai sake duban yamma a gaban mutane ba. Ni kuwa na rubuta komai da ajami na ɓoye a gafakata, tunda Inna ba ta hana rubutu ba.

Yau yaro na ganin haske zai ɗaga waya, duniya ta shaida. Kawu ni kaɗai gare shi. Bara, bayan la'asar, na karanta takardar nan a ƙofar masallacin, gaban dattawan da suka rage. Kawu, wanda idanunsa suka riga suka tafi, ya laluba ya kama hannuna.

"Ukku ne ko?"

"Ukku ne, Kawu."

"To, na yafe."

Bakina bai karkace ba. Har yau ban san abin da muka gani ba, Allah ne masani. Na dai san abin da na hana shi.