Mushe Suma'ila, Mai Jiran Amsar Ɗan Aike

Ƙarfe bakwai kabu-kabu ke sauke Mushe (wato Malam) Suma'ila daga Zango a ƙofar biro, ofishin da ake rubuta haihuwa. Yakan gaida mai gadi, ya wuce ɗakin can baya, inda aka sa kilim mai sanyaya ɗaki don lafiyar ordinata, wato kwamfuta, shi kuma ya ci arziƙi. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ba a leƙa shi sai abu ya lalace, shi kuwa ba ya barin abu ya lalace, saboda haka ba a leƙa shi.

Aikin nasa ba shi da daɗin bayani wajen suna ko biki. Babban lojisiyal, wato manhajar da sakatarori ke dannawa, ba ya yin komai shi kaɗai. Aike yake yi. Yakan kira wasu ƙananan shirye-shirye marasa hoto, irin waɗanda ake ba umarni da rubutu a baƙin allo: wannan ya kwafi rajista ya ajiye, wancan ya buga takarda. Kowanne in ya gama sai ya maido da lamba. Sifiri, an yi. Wata lamba dabam, an samu matsala.

Shekara shida da suka wuce injiniyoyi suka zo daga Yamai da sabon lojisiyal mai kyan gani. Kullum da la'asar yakan aiki mai kwafin rajista, nan take ya nuna kore. Darakta Habibu ya yi jawabi. Suma'ila dai saurin ne bai kwanta masa ba, don ya san rajistar ƙauyukan Damagaram ba ta kwafuwa kafin mutum ya kurɓi shayi. Ya buɗe ma'ajiyar, ya tarar da wata huɗu na fayil babu ko harafi a ciki. Ashe lojisiyal ɗin aikawa kawai yake, ba ya tsayawa jin amsa. Ɗan aiken na dawowa kullum da kuka, ba mai saurare.

Layi biyar ya ƙara: a jira, a karanta lambar, in ba sifiri ba a nuna ja a faɗi dalili. Tun daga ranar allo ya fara ja, darakta ya ce Suma'ila ya ɓata kayan mutane.

"Ranka ya daɗe, da ma a ɓace yake," in ji Suma'ila. "Yanzu ne ya daina ƙarya."

An daina kiransa cin tuwon rana. Ya bi jan nan ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai, har kore ya dawo na gaskiya.

Bara kuran, wato wutar lantarki, ya ƙona babban diskin da rajista ke ciki. A makon ne wata mata, Aisa, ta zo daga Guna neman takardar haihuwar 'yarta Hajara. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardun jarrabawa, in babu ita yarinya ta yi asarar shekara, wataƙila karatun duka. Sakatariya ta ce sai dai haƙuri. Suma'ila ya fito daga ɗakinsa ya ce Inna ta zauna a inuwa. Kafin azahar ya maido da rajistar daga kwafinsa, takarda ta fito. Aisa ta sa wa darakta albarka har bakin ƙofa, darakta kuma ya amsa da amin.

Mushe Suma'ila, kai ne ka tsaya jin amsa a biron da kowa ke son ganin kore. Kai ne wanda Hajara ba za ta taɓa jin sunansa ba, ga shi tana lise, babbar sakandare. Mun gode, ko da yake mun makara.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Masu rubuta lojisiyal, ku ɗauka daga gare shi: in kun yi aike, ku jira, ku ji abin da aka dawo da shi. Sauranmu kuma, ɗakin na nan bayan matakala, ƙofa ta biyu. Shekara ashirin da biyu muna aikensa. Saura kwana tara mu je mu tambaye shi yadda ya dawo.