Mai Hoto da Yarinya Mai Rufaffen Baki

A layin da shagonsa yake babu mai kiransa da sunan yanka. Manya suna ce masa Mai Hoto, in ya ba da baya kuma su ce Ban Yarda Ba, don kalmar ba ta barin bakinsa. In ya sayi batir sai ya gwada shi a gaban mai kanti. In ya kulle shago sai ya yi taku goma ya dawo ya ja kwaɗon. Matarsa takan ce ko ita ta ce masa gari ya waye sai ya leƙa taga.

Shekara talatin da wani abu ya yi a ɗaki guda: benci, labule mai zanen lambu wanda rana ta cinye gefensa, fitilu biyu masu lema, da madubi da mataji a bakin ƙofa. Tun yana koyon aiki wajen ubangidansa ya lura cewa babba yana iya shigowa da baƙin ciki fal cikinsa, ya yashe baki a gaban kyamara, ya fita ya ci gaba da abinsa. Daga nan ya daina yarda da murmushin manya. Na yara kawai yake ɗauka da daraja, shi ma ba kowanne ba.

Bai taɓa ce wa yaro "yi murmushi" ba. Yakan ce in ka faɗi haka, haƙora za a ba ka, ido kuwa yana can wajen uwa yana tambaya ko an yi daidai. Shi dai sai ya tura iyaye bayan labule, ya koma sakarai. Ya riƙe kyamara a juye yana ƙorafin ta lalace. Ya nuna kunnen yaro ya ce, "Gyara hancin nan naka." Yaro ba ya iya jure ganin dattijo cikin irin wannan ɓata. Da ya buɗe baki zai gyara masa, sai fitila ta haska.

Wata ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo riƙe da hannun yarinya da ba za ta wuce shekara shida ba.

"Malam, hoto za a yi wa 'yata. Yanzu nake so, a wanke a ba ni."

Ya dubi yarinyar. Rigarta sabuwa ce, har da alamar ninki. Takalmin ya yi mata yawa. Uwa ba ta kuskuren takalmi, in ji zuciyarsa. Kafin ma ya kunna fitila yarinyar ta hau benci, ta haɗa gwiwoyi, ta ja leɓɓanta gefe da gefe, baki a rufe gam. Wannan murmushin koya mata aka yi, kuma ta daɗe tana yin sa.

"Shekarunta nawa?"

"Biyar. A'a, shida. Da shekaru ake ɗaukar hoton?"

"Hajiya, ko za ki koma bayan labule?"

"Nan ma ya yi."

Ya juya kyamara ƙasa sama. Yarinyar ta ƙara matse gwiwoyi. Ya kira kunnenta hanci. Ta saci kallon matar, ta ƙara jan leɓe. Dabarar da ba ta taɓa ba shi kunya ba yau ta ba shi.

Sai wayar matar ta yi ƙara. Ta fita bakin ƙofa, ta rage murya, amma kunnen Mai Hoto bai tsufa ba.

"Eh, tana hannuna. A'a, ba ta sani ba tukuna. Kafin azahar zan kawo."

Ya zare batir ya jefa aljihu. Da matar ta dawo ya ce mata kyamara ta mutu, a ba shi minti biyu. Ya leƙa shagon tela da ke manne da nasa, ya raɗa masa cewa ya fito ya tsaya a ƙofa, kada matar nan ta fita da yarinyar. Tela ya ce, "Kai kuma yau wa ka kama?" Amma ya taso, da tef a wuya.

Mai Hoto ya durƙusa a gaban benci, gwiwarsa tana ƙara.

"'Yan mata, wannan wace ce?"

Yarinyar ta dubi matar kafin ta amsa, hannu a baki. "Gwaggo."

"Ina Umma?"

"Tana asibiti."

Matar ta dubi tela a ƙofa, ta dubi Mai Hoto, ta gane. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ja shi gefe ta ce, "Ɗiyar yayana ce. Uwarta wata biyu ke nan a kwance, ba a barin yara shiga ɗakin. Gobe za a yi mata tiyata, shi ne yarinyar ba ta sani ba. Uwar ce ta ce a kai mata hoto ta gani kafin a shiga da ita. Ga katin asibitin, tunda ɓarauniya ce ni."

Ya karɓi katin. Ya san bai kamata ba, amma sai da ya karanta shi har ƙasa.

Ya mayar da batir, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya koma wajen yarinyar, wannan karon ba wasa.

"Me ya sa kike rufe baki?"

"Gwaggo ta ce in yi kyau, kada Umma ta damu."

"Me ke cikin bakin?"

"Na yi famfara. Guda biyu."

"Umma ta gani?"

Ta girgiza kai. "Ta ce in haƙori ya fita in nuna mata. Bai fita ba sai da ta tafi."

"To ga ta nan cikin gilashin kyamara. Amma ban yarda guda biyu ba ne. Ɗaya dai."

"Biyu ne."

"Ɗaya."

Ta sunkuyo gaba, ta buɗe baki ta tura harshe cikin giɓin, dariya ta ƙwace mata har kafaɗarta ta karkace, takalmi ɗaya ya faɗi. Ya danna.

Gwaggon ta kalli hoton ta daɗe. Ta biya, ta saka shi a jaka, ta ja yarinyar suka fita ba sallama. Ba ta sake taka shagon ba, kuma ta ba da labari a inda ya kamata da inda bai kamata ba. Wata uku iyaye mata suna wuce shi zuwa wani ɗakin hoto a bakin titi. Tela ya ce masa ya je ya ba da haƙuri. Mai Hoto ya ce zai je, sai dai bai san gidan ba, kuma in gobe aka sake shigowa da yarinya haka, haka zai sake yi.

Uwar ta tashi daga jinyar. Mijin ne ya zo bayan an sallame ta, dogon mutum mai gajiya a fuska, ya ce a ƙara girman hoton a sa a firam, don na farkon ya lanƙwashe a ƙarƙashin matashin asibiti. Bai ta da maganar ƙanwarsa ba. Mai Hoto ya yi aikin da hannunsa, ya goge gilashin sau biyu, ya naɗe shi da jarida. Ya raka mutumin har bakin titi yana riƙe masa firam ɗin, ya tsaya tare da shi a rana sai da ya samu mota.