Daminar da Na Ɗaure wa Tantan Noti

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, maigidana yana tuƙa tantan, wato motar noma, ta ma'aikatar gona, yana yi wa manoma huɗa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A ƙofar gidanmu na Fagam take kwana. Kullum kafin ya tayar da ita sai ya bi notunan tayoyin da sifana, don hanyarmu duwatsu ce, girgiza tana sassauta su.

Farkon damina garma ta faɗo masa a hannun dama, aka yi masa ɗori. Tuƙi yana lallaɓawa da hagu, amma jan sifana ya gagare shi. Maza kuwa tun asuba sun watse gona. Wata safiya na ji yana cewa zai tafi haka nan.

Na ce, "Wallahi ba za ka hau ta ba. So kake taya ta fice, a kawo min kai a makara?"

Na yafa zane na fito, ni da ko zaure ba na leƙawa da rana. Ya nuna min yadda ake zura bututun ƙarfe a sifana, a ja wannan noti, a tsallaka a ja na gabansa. Hannun da ya saba da taɓarya bai sha wuya ba. Inda noti ya ƙi, na taka bututun da ƙafa har ya yi ƙara.

Ina cikin haka yayan maigidan ya ɓullo.

"Ke! Matar aure a bakin titi da ƙarfe? Koma ciki!"

Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba sai ranar. Na miƙa masa sifanar. "To, Yaya, karɓi. Amma gobe ma ka zo, da jibi, har hannun ƙaninka ya warke."

Bai karɓa ba. Na sunkuya na ci gaba da aikina.

Magana ta zaga gari. A gidan suna mata suna ƙus-ƙus, wai ga bakanikiya ta iso. Na ce su faɗa da ƙarfi, na amsa. Haka na yi ta fitowa kowace safiya har aka kwance ɗorin, taya ko ɗaya ba ta yi motsi ba.

Yaya kuwa ya daina cin tuwona har kaka. Ban aika ban-haƙuri ba. Da kansa ya aiko da kwanonsa ranar da na yi miyar taushe.