Taki Bakwai da Rabi na Tankifa Ma'azu

Ni Sambo, lebura ne a aikin hanyar da aka yanko daga Kaoje zuwa Tsamiya, bakin iyakar Dahomey, shekara guda bayan an sami mulkin kai. Mu ashirin ne a ƙungiyarmu, kuma duk cikinmu ba mai iya karanta agogo. Shi ya sa rayuwarmu take hannun tankifa, wato mai rubuta awannin aiki. Tankifarmu shi ne Malam Ma'azu, mutumin Bagudo, ɗan limamin unguwa, dogo siriri mai yawan shiru. Ya yi aji huɗu a elemantare, yana da littafi mai jan bango, da fensir a bayan kunne, da agogon hannu da ɗan kwangila ya ba shi.

Tsarin kuwa ba wuya. Motar ɗan kwangila ta kwashe mu ƙarfe bakwai na safe, direba ya duba agogonsa, ya sauke mu ya wuce ɗibar tsakuwa. Ƙarfe uku Ma'azu ya busa usur, mu tako gida da ƙafa. Awa takwas ke nan, kowace awa sisi. Ran Asabar awa huɗu, mako ya tashi arba'in da huɗu. Abin da ya haura wannan obataim ne, ana biyan awa ɗaya da rabin kuɗinta, sisi da taro, nai ke nan. Ma'azu ba ya cin minti ɗaya na kowa. Har haushi yake ba mu, don ko makara ka yi garin sayen fura sai ya rubuta.

To, cikin watan Janairu ya je gida ganin iyali. A dawowa kwalekwale ya tangaɗa a tsakiyar Kwara, ya dafa ruwa, agogo ya sha ya mutu. Bai gaya wa kowa ba. Ya san Alhaji Ɗanmusa, ɗan kwangilar, sarai: ranar da ya ji ba agogo, ranar zai nemo wani tankifa. Ga mata, ga 'ya'ya uku, ga tsohuwa. Sai ya ci gaba da ɗaura mataccen agogo yana dubawa kamar gaske.

Dabarar da ya yi ta gidansu ce. Mahaifinsa da taka inuwa yake gane lokacin salla: mutum ya tsaya a rana, ya auna tsawon inuwarsa da tafin ƙafa. Ran nan motar ta lalace, direba ya yini tare da mu. Ma'azu ya saci kallon agogonsa, uku na cika ya zagaya bayan wata kuka ya taka inuwarsa, ya sami taki bakwai da rabi. Daga ranar, inuwa ta kai bakwai da rabi ya busa usur.

Kaico, abin da ya manta! Uban nasa kowane wata yana canza ƙidayar, don inuwar sanyi ba ita ce inuwar bazara ba. Rana na ƙara hawa tsakiya, inuwa na ƙara gajarta, sai ta daɗe kafin ta kai bakwai da rabi. Mu dai mun ga muna isa gida la'asar ta yi sanyi, muka ce zafi ne ya sa ƙafa ta yi nauyi.

Mako goma muna haka. Wata Talata cikin Maris Alhaji Ɗanmusa ya zo duba aiki, ya tarar da mu muna ta sara da diga. Ya dubi agogonsa ya tuntsire da dariya.

Ya ce, “Huɗu saura minti goma, kuma mutanenka na aiki? Ma'azu, Allah ya yi maka albarka! Irinka nake nema.”

Ina kusa da su da kwandon tsakuwa a ka. Wallahi na ga fuskar Ma'azu ta canza. Da ya yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, mu da ba mu san uku ba balle huɗu. Amma sai ya kwance agogon ya miƙa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ya mutu tun Janairu. Da inuwa nake tashin su, kuma na yi kuskure. Suna bin ka obataim.”

Alhaji ya ce, “Suna bin wa? Littafi ya ce awa takwas, kuma hannunka ne ya rubuta. Kawo littafin, kawo usur.”

A nan aikinsa ya ƙare, gaban idonmu. Da muka watse na tare shi a hanya na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce, “Malam, kai wane irin mutum ne? Ka sa an kore ka, mu kuma ko anini ba mu samu ba. Wa ka amfana?” Ya zauna gindin wata ɗorawa ya fitar da fensir, ya yi lissafi a bayan kwalin sukari. Ya ce ɓatan ya riƙa ƙaruwa kamar minti biyar kowane mako, daga biyar har hamsin, kwana biyar a mako. Ya tashi awa ashirin da uku ba kaɗan, ya cike ta ashirin da uku. A kan nai nai, kowannenmu sule goma sha bakwai da taro. Mu ashirin, fam goma sha bakwai da sule biyar. Albashinsa na wata uku ke nan.

Ya koma Bagudo noman albasa a fadama. Ya sayar da kekensa. Shekara biyu yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, daga Zagga har Illo, da kuɗi ƙulle a tsumma. Da ya zo gidana na rantse ba zan karɓa ba, na ce na yafe duniya da lahira. Ya ce, “Yafe wa Alhaji in kana so, Sambo. Ni na busa usur.” Ya ajiye a kan tabarma ya fita. Na ji haushi, na kuma ji kunya, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Namadi, wani Badande da ya ƙetaro daga Dahomey cin rani, aiki na ƙarewa ya koma. Ma'azu ya tambaye shi a kasuwar Tsamiya, ya tambaya a Lolo, ya aika har Dole Kaina wurin masu jirgin ruwa. Shekara da shekaru, duk wanda ya ji yana Dandanci sai ya tsayar da shi. Muna yi masa tsiya muna cewa ga mai neman Namadi nan ya iso, sai ya yi murmushi kawai.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aika a kira ni. Ya sa matarsa Mariyamu ta ɗauko wani gwangwanin taba. A ciki akwai sulalla goma sha bakwai da taro ɗaya, irin na da, da guntun kwalin sukarin nan.

Ya ce, “Kai kaɗai ka rage da za ka gane fuskar Namadi.”

Na sa hannu biyu na karɓa. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona yanzu. Duk ranar kasuwar Tsamiya nakan sa shi a aljihu in tafi, kuma yanzu ni ake yi wa tsiya.