Jan Zaren da Ka Bari a Jikin Wayoyi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, da hantsi, ƙaninka ya kira ni ya ce ka cika. Ina kwance a ƙarƙashin wata mota da sifana a hannu. Na ce ya maimaita, ya maimaita, sai na saki sifanar a ƙasa.

Shekara da shekaru muna rumfa ɗaya a garejin nan, ni a inji, kai a wayar mota. Ina ce maka Tela, kana ce mini Mahauci, wai komai sai na sa masa guduma. Sunan Tela kuwa kai ka jawo wa kanka. Duk wayar da ka gwada ka tabbatar lafiyarta ƙalau, sai ka ɗaura mata jan zare kafin ka wuce ta gaba, kuma ba ka kwance zaren sai ranar rufe aiki. Ba ka taɓa yarda a yanke waya don zato ba. Na sha yi maka tsiya cewa mota aka kawo ba riga ba, kai kuwa sai murmushi, ka ci gaba da ƙulle-ƙullenka.

Wanda bai san ka ba zai ce sanyin jiki ne da kai. A tambayi direban tasin nan da motarsa ta mutu cikin ruwan sama, ka ture abincinka ka bi shi a ƙafa. Ko a tambaye ni. Lokacin da ƙarfe ya murƙushe mini yatsu, kai ka riƙa ɗaure mini noti, ni kuma ina tsaye a kanka ina faɗa wai ba ka matse ba. Ko sau ɗaya ba ka ce mini ka gaji ba.

Aikinka na ƙarshe motar wata nas ce. Akwai maɓalli kusa da giya da ake murɗawa a zaɓi yadda mota za ta tafi, ko ta tattala mai, ko ta saki ƙarfinta. Nata ya maƙale a tattalin mai, a murɗa a murɗa ba ya ji, in an zo hawa sai motar ta riƙa nishi kamar tsohuwa. Ka duba fiyus, ka cire murfin wajen giya, ka fara bin wayoyin da mita. Da la'asar ka ce kanka na sarawa, kada na taɓa maka komai, gobe za ka ƙarasa.

Bayan an kai ka, nas ɗin ta zo ta yi mini gaisuwa. Da ƙyar ta iya faɗin cewa aiki ya matsa mata, za ta sa a ja motar zuwa wani garejin. Tana da gaskiya, amma wallahi raina ya ƙi. Wani ya zo ya fizge maka wayoyi, ya kuma ce wanda ya fara ne ya dagula? Kai da ba ka taɓa mayar wa mutum mota da ciwonta ba? Na roƙe ta ta ba ni zuwa yamma.

Ta ce, "Baba, ai kai mai inji ne."

Na ce, "Haka ne, 'yata. Amma ya nuna mini inda ya tsaya."

Na shiga motar na leƙa. Kowace waya da zarenta, sai wata baƙa guda da ba ta da shi. Na bi ta da yatsa har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ashe shayi ne ya taɓa zubewa ya gangara can, wurin ya yi tsatsa, notin ma ya saki. Waya ɗaya ta rage maka, Tela, ɗaya tak. Na kankare tsatsar na matse notin a hankali. Na ta da mota, na murɗa maɓallin, alamar gaban direba ta sauya, injin ya amsa.

Ban yi murna ba. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da na kasa yi a makabarta. Muddin motar nan tana buɗe, zuciyata cewa take yi gobe za ka shigo ka ƙarasa. Yanzu ni da hannuna na cire abin da zai dawo da kai.

Da na zo rufewa na ɗauki almakashinka, amma na kasa yanke ko zare ɗaya. Sai na ciro wani jan zaren daga akwatinka na ɗaura wa baƙar wayar, ƙulli mummuna wanda da ka gani sai ka yi mini dariya, na mayar da murfi da su duka a ciki. Nas ta tafi da motarta lafiya, tana yi maka addu'a.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙaninka, da duk mutanen gareji. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni, don har yanzu ban samu ba. Aikinka ya kammala, Tela, ba wanda zai ce ka bar shi rabi. Ka huta.