Jinin da Na Gani a Zanen Gwaggo

Shekarar da motoci suka canja hannu, suka koma bin dama a titi, na baro ɗakin mijina a Ajingi, na koma gidanmu a Gaya wankan jegon fari. Gwaggo, yayar babanmu, ita ke yi min wankan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita ke biya wa matan unguwa karatu a tsakar gida bayan la'asar.

Wata safiya ta sunkuya tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi, sai na ga jini a bayan zanenta. Ga wani ɗoyi da turaren wuta ya kasa rufewa.

Na ce, "Gwaggo, ke da kika daina al'ada tun ina goye?"

Ta ce, "Ke dai juyo bayanki, ruwa na hucewa."

Bakina bai yi shiru ba. Da yamma na raɗa wa wata ƙawata cikin masu karatu. Kafin Juma'a magana ta zama wai ciwon bin maza ne, wai tsohuwa ta ɗebo abin kunya da furfurarta. Na san ƙarya ne, ban musa ba. Mata suka kwashe allunansu ɗaya bayan ɗaya. Babanmu malami ne, ya ce jinin ciwo ne, ba ya hana salla. Duk da haka ya sa aka mai da ita ɗakin harawa, aka ware mata kwano da moɗa.

Ranar da na yi arba'in ta miƙo hannu za ta ɗauki jaririyata.

Na ce, "Bar ta, Gwaggo, kada ki shafa mata."

Ta dubi hannuwanta da ruwan wankana ya gasa, ta mai da su cikin mayafi.

Sai da kaka, da ta kasa miƙewa, aka yarda a kai ta Kano. Ni aka haɗa ta da ni, don kowa ta zame. Fasinja suka ƙi zama kusa da ita, direba ya ɗora ta kan buhunan gyaɗa a baya, cikin rana. A asibiti likita ya tambaya tun yaushe. Gwaggo ta ce shekara biyu, kunya ce ta hana ta faɗa. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, ya riga ya ci jiki, kuma ba ya kama wanda ya taɓa ta ko ya ci kwano ɗaya da ita.

Na kawo wannan magana gida, amma ba wanda ya yaɗa ta. Gwaggo ta rasu a ɗakin harawar. Masu wanka suka toshe hanci da bakin mayafi, aka ƙone tabarmarta a bayan gida.

Yanzu akwai gwajin da ke gano shi tun bai kankama ba. Duk jikata da ta yi aure, ni nake tasa ta gaba zuwa asibiti. Suna cewa na cika naci. Ban taɓa gaya musu dalili ba.