Kitsen Layya a Rariyarmu

Da wani ɗan sauti abin ya fara, ƙulub, kamar an nutsa buta a randa. Ina tsugune ina ɗauraye tukunya, washegarin da muka gama suyar naman layya. Na zuba ruwa a bakin rariya, maimakon ya bi bututu ya fita kwatar waje, sai ya yi wannan ƙarar ya dawo mini har da kumfa.

Gidanmu na Kawo rariya ɗaya gare shi, a kusurwar tsakar gida, daf da inda muke alwala. A makon kuwa ba abin da bai bi ta ba: wankin kayan ciki, ɗaurayar kaskon suya, narkakken kitse da ya shiga da ɗuminsa ya je ya daskare. Ko ba a faɗa mini ba na san maganinsa tafasasshen ruwa ne. To amma surukata ta zo mana Sallah daga Zariya, kuma a wurinta ba a zuba ruwan zafi a rariya.

"Akwai masu wurin, 'yar nan," ta ce da ta ga na ɗora tukunya. "Da 'ya'yansu ƙanana. Ki ƙona ɗan wani, ki ce za ki zauna lafiya?"

Na sauke tukunyar. Ba na musu da Hajiya, kuma maganar gaskiya, zancen 'ya'ya ƙanana ya taɓa ni. Autata kuwa tuni ta tsuguna ta kasa kunne a bakin ramin, wai ko za ta ji kukansu.

Damuwata ita ce washegari dangin maigida za su zo gaida Hajiya, kuma a tsakar gidan nan za a baza tabarmi, a ci abinci, a yi sallah. Ga ruwa ya fara malala, ga ƙarni. Mai gyaran famfon unguwarmu ya tafi garinsu Sallah.

Sai maigidan ya naɗe hannun riga ya ce aikin maza ne. Ya fara da kwance wayar shanyata, ya jibge mini ɗanyen wanki a kafaɗa. Ya zura, ya murɗa, ya zaro ta da ɗan kitse fari a baki kamar guntun kyandir, ya zagaya yana nuna mana. Ruwa dai bai motsa ba.

Ya fita shaguna ya dawo da wata roba mai kamar ƙoƙo da mariƙin katako, ya ce da ita ake zuƙo toshiya. Na kalli bakin rariyarmu, siminti ne mai kaushi, ya kuma fi robar faɗi. Ya danna da ƙarfinsa, ruwan ya yi tsalle ya wanke masa gaban shaddar Sallah.

"Sannu, Abbansu," na ce, ina kallon ƙasa don kar dariya ta ƙwace mini.

Daga nan ya aro ƙarfen rodi a maƙwabta, gidan Maman 'yan biyu da muke haɗa bututu da su. Hajiya na kan dardumarta da carbi tana ba da umarni.

"A hankali, kar ka tsone musu ido."

"Inna, tsokana ta halatta ke nan, ruwan zafi ne bai halatta ba?"

"Yi aikinka. Da ka iya ai da ba ka da lokacin tambaya."

Rodin ya je kwanar bututu ya tsaya cak, ya ƙi gaba.

Da aka kira la'asar Hajiya ta miƙe za ta yi alwala, ta nemi silifas ɗinta, sai ga ɗaya can yana yawo a kan ruwa, ya doshi ƙofar kicin. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo.

"'Yar nan, mayar da tukunyar."

Da ruwan ya tafasa, ta tattare zaninta, ta duƙa a bakin rariya ta yi sallama, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mutunci.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri ku kwashe yaranku, zafi na nan tafe. Ba mugunta ba ce, baƙi gare mu gobe."

Na ɗaga tukunya, ta ɗaga mini hannu.

"Dakata mana. Mai yara tana shiri da wuri ne?"

Muka tsaya jira, maigidan riƙe da rodinsa, ni tururi na dukan fuskata. Da ta ga ya isa, ta kaɗa kai. Muka kwashe ruwan da ya kwanta, na yi bisimilla na tuttula a hankali. Da farko ba abin da ya faru. Na ƙara. Can sai rariyar ta ja wani dogon numfashi ta haɗiye komai.

Maigidan ya ce ai rodinsa ne ya sassauta kitsen. Hajiya ta ce roƙon da ta yi ne. Ni dai na ɗauki tsintsiya na hau wanke tsakar gida, ina ta hamdala a zuci.

Ina cikin shanya tabarmi autata ta shigo daga maƙwabta, ta ja gefen zanina, ta rage murya don kar kakarta ta ji.

"Umma, sun koma gidan Maman 'yan biyu. Rariyarsu ma ta fara cewa ƙulub."